Darasi Na Bakwai

A cikin kwabar kaya na ɗauki darasi na bakwai,
tsakanin zannuwana da mayafin sallar bara,
don Mumuni ya ce tufa tana shanye amo.
Shekara ashirin da shida ina shaƙar alli a Asawase,
yau ga ni tsugune kamar mai ɓuyar bashi
ina koya wa waya rabi da kwata.

"Sake, Anti, babur ya shigo."
Na sake.
"Dakata, ladan ya riga ki."
Muka jira ya idar.
Wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, zufa ta karɓi aiki.
Sau tara ina raba lemo gida huɗu da baki,
ko ɓari ɗaya ban sha ba.

Shi ne mai zane. Da tuffa ya fara.
Na ce, wa ka taɓa gani yana rabon tuffa a Aboabo?
Sa ƙosai.
Sa burodin mai shayin bakin tasha,
sa sidi goma a hannun yaya, ƙanne uku sun zuba masa ido.
Har kan Hausar sai da muka ja:
shi yana son ta littafi, mai guga da kari,
ni ina son ta bakin famfo,
wadda ta kwana da Tonanci ta tashi da ƙamshinsa.
Muka raba gardamar biyu, kowa ya riƙe rabi.

Alluna ashirin suka iso, yara hamsin da uku.
Kawuna suka haɗu a kan gilashi
kamar kaji an watsa tsaba.
Na koma baya na jingina da bango
ina jin muryata tana fitowa ta wuri ashirin,
ba ta gajiya, ba ta tsawa,
ba ta kuma san sunan kowa ba.
Abin ya ɗan sosa mini rai, ba zan ɓoye ba.

Mako biyu, sai ga Mumuni da kwamfuta a hammata.
"Allo na sha ɗaya yana da matsala.
Daƙiƙa shida, wuri guda,
an maimaita sau ɗari da arba'in.
Ko maɓalli ya maƙale, ko bayaninki bai fita ba.
Akwai ma hayaniya a wurin. Zan goge."

Na sha ɗaya na Sahura ne,
mai zama jikin taga,
wadda lissafi bai taɓa kai bayanta ƙasa ba.
Da aka fita hutu na tsayar da ita.
Ba ta ce komai ba, ta sa mini abin ji a kunne, ta danna.
Ga ni ina cewa rabin rabi shi ne kwata,
can kuma ƙarƙashin maganata, nesa, ta bayan katanga,
wata murya tana jan talla:
koko da zafi, koko.

"Mma ce," in ji ta.
"Kafin ta tafi aiki Kuwait.
Wayarta tana hannun masu gidan,
sai Juma'a, in sun ga dama."
Ta karɓi abinta, ta goge gilashin da gefen hijabi,
ta ce ko za ta iya zuwa cin abinci.

Da yamma na samu Mumuni, yatsansa a kan layin sautin,
ya riga ya shata wurin da ja.
Na ce ɗaga hannunka.
Ya ce masu ba da kuɗin suna son sauti tas, Anti.
Na ce to su zo su faɗa wa Sahura.

Darasi na takwas a tsakar ɗaki na yi shi,
taga a buɗe.
Akuyar Baba Tanko ta shiga, injin niƙa ya shiga,
da wani da ban gane ba
yana kiran ɗansa ya zo ya ɗauki bokiti.